Yadda Madara Ta Ƙare wa Ramlatu Mai Cuku

Kakannin Ramlatu Abzinawa ne. Daga arewa suka gangaro a wata shekarar fari da ta cinye musu raƙuma, suka sauka gefen wata rijiya arewa da Mayahi da niyyar su huta su koma. Ba su koma ba. Suka roƙi gona wurin mutanen da suka tarar, suka koyi noman hatsi, suka riƙe ƴan shanu da awaki. Lokacin da aka haifi Ramlatu zangon ya riga ya zama ƙauye mai ɗakunan laka da rumbuna, kuma Hausa yara suke yi. Tsofaffi kawai ke juya harshe zuwa Tamajak, idan maganar ba ta yara ba ce.

Abu ɗaya daga cikin al'adun arewa bai bar gidansu ba, shi ne cuku. Tun Ramlatu ba ta iya ɗaura zane da kyau ba take zama kusa da uwarta tana kallo. Da sassafe ake tatso madara, ana aiki da ita tun tana da ɗuminta. A jiƙa ɗan yankin busasshen tumbin ɗan akuya, a ɗiga ruwan a cikin madarar, sai ta kama. A juye ta a kan ɗan asabari na ciyawa, a baje da tafin hannu har ta yi faɗi, ruwan ya tsiyaye, a kai rana. In ya bushe sai ya fito falle guda, da zanen ciyawar a jikinsa. Wasu da shayi suke cinsa, wasu su daka shi cikin fura. Aikin ba shi da asiri, amma hannu ya bambanta. Na Ramlatu ba ya kauri, ba ya tsami, kuma idan ka karya shi kana jin ƙanshin saniya.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, ƴan shekaru a ƙauyen da ke kusa da su, ta iya karatu daidai gwargwado, sannan ta auri Habibu, ɗan kawunta, mutum marar yawan magana wanda ke noma da damina, ya bi shanu da rani. Suka haifi ƴaƴa. Ranar kasuwa takan hau amalanke ta zo Mayahi da cukunta cikin ƙwarya, ta zauna bakin tasha, kafin la'asar ta sayar ta sayi gishiri da sabulu ta koma. A nan na fara saninta, ina koyarwa a garin a lokacin, kuma na zama mai sayen cukunta. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, sauran kuma na gani da idona.

Wata ranar kasuwa wata matashiya mai tabarau ta tsaya gabanta. Sunanta Shamsiyya, ƴar Tasawa ce, tana aiki da wani proje mai tallafa wa mata masu sana'a. Ta sayi falle ɗaya, ta ɓalla ta ci a tsaye.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

"Ni na yi."

"Kullum haka yake fita, ko yau ne aka dace?"

Ramlatu ta ɗan ji haushi. Ta ce, "Madan, tun ina ɗiya nike yin shi."

Shamsiyya ta yi dariya, ta durƙusa kusa da ita, suka daɗe suna magana. Ƙarshenta ta ce za a yi wa mata horo a Tasawa kan yadda ake gina sana'a ta zama babba, tana son Ramlatu ta zo. Habibu bai hana ba. Ya ce in dai abin alheri ne ta tafi, ƙanwarsa za ta riƙe yara.

Abin da aka koya musu ba mai wuya ba ne, kuma har yau Ramlatu tana cewa babu ƙarya a ciki. An ce musu kaya sai da suna, don mai saye ya san abin da zai nema idan ya dawo. An ce tukunyar gida daban, ta sana'a daban. An ce abin da ka saba ba mutane mai kyau, kada wata rana ka ba su wanda bai kai shi ba. Wani malami da aka ɗauko daga Maraɗi ya daɗe a kan tsabta, ya nuna musu hoton ƙuda da aka ƙara wa girma har matan suka yi ta salati. Amma maganar da ta fi zama mata a rai ita ce wadda Shamsiyya ta yi ranar rabuwa. Ta ce, "Mai saye zai iya haƙuri da tsada, zai iya haƙuri da nisa. Amma in ya zo ya tarar babu, ya sake zuwa ya tarar babu, ya tafi ke nan. Duk wadda ke son sana'arta ta girma, kada ta bari a zo a same ta hannu wofi."

Ramlatu ta koma gida da wannan magana kamar an ba ta amana. Habibu ya gina mata ɗaki na daban a bayan gida, aka sa raga a tagogi saboda ƙuda, aka kafa katakon shanya. Proje ya ba ta ƴar na'urar liƙe leda da faifan sola guda, aka buga mata takardu masu hoton jar saniyarta, a ƙasa an rubuta Cukun Ramlatu, Mayahi, da lambar wayarta. Madarar shanunsu ba za ta isa ba, sai ta bi maƙwabta gida gida ta shirya da mata su riƙa kawo mata tasu kowace safiya. Babbar mai kawowa ita ce Gwaggo Mariyama, ƙanwar babanta, wadda mijinta ya fi kowa shanu a ƙauyen.

Shamsiyya ce ta haɗa ta da Alhaji Abdussalamu, mai butik, wato shagon kayan masarufi, a bakin babban titin Tasawa, daidai inda motocin Damagaram da na Yamai ke tsayawa fasinja su yi salla. Alhaji ya ɗanɗana, ya juya ledar ya duba hoton saniyar, ya ce ta kawo duk abin da ta yi. Habibu ya sayi tsohuwar moto mai ƙafa biyu, ya zama shi ke kai kaya.

Damina biyu abin ya tafi daidai. Da safe ƙofar gidan Ramlatu cike take da mata da ƙorai, ana aune ana raha. Wasu mata biyu ta ɗauka suna taya ta bajewa da shanya. Wata rana wayarta ta yi ƙara, wani mutum da ba ta taɓa gani ba ya ce daga Yamai yake kira, ya kai wa tsohuwarsa cukun, ta ce rabonta da irinsa tun tana amarya. Ramlatu sai godiya take ta yi masa kamar shi ya yi mata kyauta. Da ta ba ni labarin a tasha tana dariya har da riƙe ciki. A lokacin ko tafiyarta ta sake.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Tun da daɗewa dajin da shanu ke kiwo yana raguwa. Mutane sun yi yawa, kowa yana neman inda zai shuka, gonaki suka ci saurar da ake bari ta huta, suka matse burtali har saniya biyu ba sa jerawa. Da an gama girbi kuma sai masu amalanke su shigo da manjagara su share ciyawar tas, har karan hatsi ba sa bari, su kai gari su sayar wa masu kiwon raguna a turke. A kan wannan sai aka yi damina mai yankewa. Ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai, ciyawa ta bushe tun ba ta kai gwiwa ba.

Ƙorai suka fara zuwa rabi. Sannan masu ƙoran suka fara raguwa. Kafin sanyi ya wuce, Gwaggo Mariyama ta zo wata safiya, ta juye ƴar madararta, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Ramla, gobe kar ki jira ni."

"Lahiya, Gwaggo?"

"Mai gidan ya ce arewa za mu yi da shanun. An ce can akwai sauran ciyawa. In munka zauna nan, fatu za mu kwasa."

"Gwaggo, ku ne ƙarfina. In kun tahi, da mi zan yi aiki?"

Tsohuwar ta dafa mata gwiwa. "Na sani, ɗiyata. To mi zan ce ma shanu?"

Ramlatu ta kira Shamsiyya a waya ta gaya mata. Shamsiyya ta ce kada ta karaya, kuskure ne dama mutum ya dogara da mai kawo masa kaya guda ɗaya, ta nemi wasu. Washegari Ramlatu ta hau bayan moto, ita da Habibu suka bi rugagen Fulani ta gabas. Inda suka san akwai ruga suka tarar da toka da kashin shanu. Inda suka sami mutane, matan suka nuna musu maruƙa suka ce ko waɗannan ba sa ƙoshi. A wata ruga mai nisa suka sami ƴar madara, suka zuba a jarka, suka juyo. Rana ta buɗe, yashi ya riƙe moto, kafin su iso gida madarar ta tsinke. Suka sake gwadawa, suka fita tun asuba, ta sake tsinkewa. Esansin moto da suke ƙonawa ya fi abin da suke ɗaukowa.

Shamsiyya ta ce firigo mai sola na sanyaya madara zai magance wannan, ta kai maganar buro, wato ofishin proje. Aka ce kayan bana sun ƙare, sai dai baɗi in Allah ya kai mu. Da ta kira ta faɗa mata, muryarta a sanyaye, Ramlatu ce ta koma tana ba ta haƙuri.

"Madan, kar ki damu. Ko an ba ni, mi zan sa a ciki?"

Sai aka ba ta shawara ta ciyar da nata shanun da kyau su ba da madara. A lokacin iyakar ƙasa a rufe take, dusa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ita ma sai an yi layi. Habibu ya kai raguna kasuwa ya dawo da buhunan dusa. Shanun suka cinye, suka ɗan miƙe, amma abin da ake tatsa bai wuce na furar yara ba. Matan nan biyu masu taya ta aiki suka daina zuwa da kansu, ba wanda ya sallame su. Sun ga babu abin bajewa.

Ranar da Habibu ya ce kunya ba za ta bar shi ya je Tasawa da ɗan abin da ke cikin kwali ba, Ramlatu ta karɓa ta shiga mota ta kai da kanta. Alhaji Abdussalamu ya sa aka ba ta kujera da ruwan sanyi. Mutumin kirki ne, bai ɗaga mata murya ba.

"Malama Ramlatu, mutane na ta tambaya. Direbobi sun saba, da sun tsaya sai su ce ina mai jar saniya. Ni kunya nike ji."

"Alhaji, madara ce babu. Wallahi ba lalaci ba ne."

"Na sani. Amma ki duba can." Ya nuna mata buhun madarar gari a jingine. "Wasu da ita suke yi, kuma ana saye. Ki ɗauki kaɗan ki gwada, kafin damina ta faɗi."

Ta ɗauka. A gida ta dama ta, ta ɗiga ruwan tumbi, da ƙyar ta kama. Da cukun ya bushe ya fito fari fat kamar alli, yana ɓarewa a hannu, ba ƙanshi ba maiƙo. Ta miƙa wa Habibu da shayi ba ta ce masa komai ba. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa, ya ce, "Wannan ai ba naki ba ne."

Ta zauna ta rasa ta inda za ta ɓullo. An ce mata kada a same ta hannu wofi, an kuma ce mata kada ta ba mutane abin da bai kai na da ba. A ɗaki ɗaya aka faɗa mata su, ta riƙe su duka biyu da gaskiya, yau ga su sun rabu, kowace tana ja ta gefenta. Ta zaɓi ta farko. Ta liƙe farin cukun cikin leda mai hoton jar saniya, ta aika.

Ba a daɗe ba wata mata ta kira lambar da ke jikin takardar. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Baiwar Allah, ina son ki sani akwai masu yin jabu da sunanki. Na saya a Tasawa, ba shi ba ne ko kusa. Ki bincika." Ramlatu ta ce to, ta gode, za ta bincika. Daga ranar ba ta ƙara dama madarar gari ba, ragowar ta ba yara suka sha da kunu. Da Habibu ya bi ta Tasawa bayan wani lokaci, ya ga cukun wani gari a inda nata ke zama. Alhaji ya fito ya riƙe masa hannu ya ce ba faɗa aka yi ba, duk ranar da kaya suka samu ƙofa a buɗe take.

Da bazara ta yi tsanani shanunsu suka fara kwanciya. Habibu ya sayar da waɗanda ke iya tafiya kasuwa da ƙafarsu, a farashin da ba ya son a tuna masa. Jar saniyar ce Ramlatu ta ce a bar mata. Uwar saniyar ce aka ba ta ranar aurenta, wannan a hannunta aka haife ta. Ta riƙa fita da sanda mai ƙugiya tana kakkaɓo ƴaƴan gawo, tana tsinto ganye, har kwalayen da take zuba cuku ta jiƙa ta ba ta. Wata safiya saniyar ta yunƙura ta kasa tashi. Habibu ya kira maza, aka zura itace ta ƙarƙashin cikinta, aka ɗaga ta da kabbara. Ta tsaya tana rawa, ta lashi dusa kaɗan. Da rana ta sake zubewa. Haka aka yi ta yi, kowace safiya sai an nemo masu ɗagawa, kuma kowa a ƙauyen yana da tasa saniyar da ke jiran a ɗaga ta. Ramlatu takan riƙe mata kai tana yi mata magana, tana duban gabas ko hadari zai taso. Sama fes.

Ranar da aka ɗaga ta ƙafafun suka ƙi riƙe ta ko kaɗan, Habibu ya dubi matarsa.

"Ramla, in munka bari ta kai gobe, mushe za ta yi."

 Ta saki kan saniyar a hankali, ta shiga ɗakin cukun ta jawo ƙofa. Tana zaune a ƙasa tsakanin katakon shanya ta ji an kira mahauci, ta ji ya zo, ta ji an yi bisimilla. Naman da aka samu bai cika tasa ba. Ruwan farko ya sauka ba da daɗewa ba, ciyawa ta fito kore shar a bayan gida, babu mai cin ta sai awaki biyu.

Su Gwaggo Mariyama ba su dawo da damina ba. Saƙo ya zo cewa rabin garken ya zube a hanya, sauran kuma mai gidan ya ce ba zai sake dawo da su inda babu wurin kiwo ba.

Bayan girbi Shamsiyya ta zo har gida. Ta ga ɗakin cukun an zuba wake a ciki. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Proje ya zo ƙarshe, za a yi taron rufewa a Tasawa, za a tara sababbin mata daga ƙauyuka, manya za su zo daga Maraɗi. Ana son wadda ta yi nasara ta tashi ta ba mata shawara, kuma sunan Ramlatu ne kowa ya sani a buro, hotonta ne ma a bango.

"Madan, kin dai ga yadda nike."

"Na gani, Yaya. Amma abin da kika yi kin yi shi, ba ƙarya ba ne. Ki faɗi yadda kika fara kawai. In ba ke ba, ban san wa zan kira ba."

Ramlatu ba ta iya ce mata a'a ba. Ta tara madarar awakinta ta yi ƴan fallaye, ta liƙe su cikin ragowar ledoji don a sami abin ɗorawa a tebur.

Na je taron. An kafa rumfa, an jera kujeru, mata sun cika wuri da goyo da kayan sana'arsu, masu man gyaɗa, masu sabulu, masu garin kunu. Aka kira Ramlatu, aka tafa. Ta riƙe lasifika da hannu biyu.  Ta ce su ba kayansu suna. Ta ce su kiyaye tsabta, su raba tukunyar gida da ta sana'a, su nemi mai saye na dindindin su riƙe masa alkawari. Ta faɗe su yadda aka koya mata, ba ta rage komai ba, matan suna gyaɗa kai.

Da aka ce ko akwai mai tambaya, wata matashiya daga Korgom ta miƙe, ta ce sunanta Umaima, man gyaɗa take yi.

"Inna, na ji bayaninku, Allah ya saka. Ni matsalata gyaɗa ce. Bana ba a samu ba, wadda aka samu kuma manyan ƴan kasuwa sun kwashe tun a gona. Ku da kuka yi nisa, in abin aikin ya ƙare gaba ɗaya, mi kuke yi?"

Ramlatu ta dubi yarinyar, ta dubi teburin da ƴan ledojinta suke.  

"Ɗiyata," ta ce, "ban sani ba. Na bi duk abin da aka ce in bi. Na je inda aka ce in je. Madara ta ƙare, ban san yadda ake yi ba. In akwai wanda ya sani a nan, don Allah ya hwaɗa muna, ni da ke."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya amsa. Ɗaya daga cikin manyan baƙin ya karɓi lasifika ya ce tambaya ce mai muhimmanci, matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, za su kai ta gaba. Da gaskiyarsa ya faɗa, a fuskarsa ana gani. Aka tafa a hankali, aka shiga rabon takardun shaida.

Bayan an watse na same su zaune a kan benci bakin tasha, ita da Shamsiyya, suna jiran motar Mayahi ta cika. Ramlatu tana ba ta haƙuri, wai ta ɓata mata taro.

"Ba ki ɓata komai ba, Yaya," in ji Shamsiyya. Ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi. "Ni ma ƙarshen watan nan aikina ya ƙare. Tun jiya nake tunanin abin da zan ce in aka yi mini irin tambayar da Umaima ta yi. Na ji daɗi da ba ni ta tambaya ba."

Suka yi ƴar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ramlatu ta ciro ledojin cukun nan ta tura mata a jaka, Shamsiyya tana ƙi tana ƙi har ta karɓa.

Da rani ya shiga hatsin rumbu ya nuna ba zai kai su ba. Habibu ya sayar da moto ya bi motar Agadas neman aikin ƙarfi. Ramlatu ta ari manjagara. Ita da wasu matan ƙauyen suke fita daji da safe su share ciyawa, su ɗaure, mai amalanke ya zo ya saya ya kai gari. Na ce mata ai ita ta fi kowa sanin abin da wannan ke jawowa. Ta ce ta sani. Ta ce in ta bar ta wani ne zai kwashe kafin azahar, kuma yara ba za su ci sani ba.

Daminar da ta wuce an yi ruwa mai kyau. Na kai mata ziyara na same ta a gona tana noma, ita da babbar ƴarta, don Habibu bai samu dawowa ba. Muna gaisawa sai ga wani direban moto ya tsaya bakin gona, ya ce daga Tasawa yake, Alhaji Abdussalamu ya ba shi saƙo. Wai yana gaishe ta, ya ga ƙasa ta yi kore, in ta fara aiki a tuna da shi, har yanzu akwai masu tambaya.

Ramlatu ta dogara da hauya tana saurarensa har ya gama. Ta share zufa da bakin zane.

"Ka ce ina amsawa," ta ce. "Ka ce mishi na ji."

Direban ya ɗan jira ko akwai ƙari. Da ya ga babu, ya tayar da moto ya tafi. Ita kuma ta sunkuya ta ci gaba da kunyar da ta faro, don akwai sauran gona da yawa kuma rana ta fara zafi.